Tukur Mai Hoto da Tsagar Haliima

A shekarar 1984 na san Tukur, shekarar da damina ta ƙi, shanu suka riƙa faɗuwa a bakin hanya. Na mahaifinsa na ciki. Da garken ya ƙare, sai ya baro Ƙala'at an-Nahal ya shigo Gadarif yana da shekara ashirin da biyu, ya kama aiki a wani istudiyo da ke bayan kasuwar hatsi. Ni kuwa ina koyar da labarin ƙasa, na kai ɗalibai talatin da ɗaya a ɗauke su hoton katin jarrabawa. Da na koma karɓa, na tarar ya duƙa kan fim da fensir mai tsini kamar allura, yana ɗiga wa fuskar wani ɗalibina.

"Me kake yi masa?" na ce.

"Ritush, ya Ustaz. Gyara shi nake."

"Ya lalace ne?"

Ya yi dariya har fensirin ya suɓuce. Daga ranar muka fara gardama, kuma shekara arba'in ba mu gama ba.

A makarantar mishan inda na yi karatu, fadan cocin da ya koya mana rubutu yakan ba mu shafi mu kwafa. In ka ga kuskure a littafin ka gyara da kanka, sai ya yage takardarka ka sake daga farko. Aikinka ka kwafi abin da ke gabanka, gyara kuwa na mai littafi ne. Da wannan na tashi. Tukur da wani abu dabam ya tashi. Ya ga mutanenmu suna zuwa ɗaukar hoton takardar zama ɗan ƙasa, tsoho ya sunkuyo ya raɗa masa, "Ɗana, ka rage mini tsagar nan, kada a tsare ni da tambayar inda aka haifi kakana." Tukur ya rage. Ya ɗauka taimako yake yi, kuma ba zan yi ƙarya ba, akwai waɗanda ya taimaka. Amma hannu ya saba. Tun yana yi wa wanda ya roƙa, har ya koma yi wa kowa: amarya, mahajjaci, jariri ranar suna. Ka shiga gidaje goma a unguwarmu ka dubi bango, za ka rantse mace ɗaya ta haife mu duka, farare sumul kamar ƙwai.

Ba zan hana shi abin da yake nasa ba. Bai taɓa yanke wa mutum ƙafa ko rawani a hoto ba. Tsohuwar da ke tsoron walƙiyar kamara, yakan zauna ya ja ta da hira har ta manta, sannan ya ɗauka. Da maigidansa ya rasu, shagon ya koma hannunsa, kuma a ƙofar shagon na sha jabana, gahawar nan mai yaji, bayan la'asar fiye da yadda na sha a gidana. Har yau ina jin warin ruwan wankin hoto, ina ganin jar fitilar ɗakin duhu da hotuna a shanye kan igiya. A 2006 kwamfuta ta zo, ya ajiye fensir. Shi ya koya mini cewa allon kwamfuta yana da haske a bayansa, takarda kuwa ba ta da shi, don haka hoton da ya yi kyau a allo yakan fito da duhu, dole a ɗaga haskensa kaɗan a buga gwaji kafin a buga na gaske. Wannan na yarda da shi. Ɗaga haske dabam, sauya mutum dabam.

Maiɗakina Haliima baƙa ce, baƙi mai sheƙi, da tsagar Gobirawa: shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan. Wanzami ya yi mata a Hawata tana jaririya. Sau uku a rayuwarta Tukur ya ɗauke ta hoto. Na ukun ta juya shi ta sake juyawa, ta miƙa masa ta ce, "Tukur, in ka ga baiwar Allah nan ka gaishe mini da ita." Ba ta sake taka istudiyo ba.

A 2021 ciwo ya kama ta, ta koma Madani wurin 'yarmu Lauratu don kusa da asibiti. A can Lauratu ta riƙa ɗaukarta da talafon ba tare da shiri ba: tana tsintar wake, tana jan carbi, tana yi wa jikokinta faɗa. Ta rasu a watan Oktoba na 2022, bayan shekara arba'in da tara muna tare. Na je, aka yi jana'iza, na dawo. Ban nemi hotunan ba. Wa ya yi zaton Madani za ta tashi?

A Disamban 2023 yaƙi ya isa can. Kafin Lauratu ta fito da 'ya'yanta, ta share duk abin da ke cikin talafon ɗinta, domin a shingayen hanya ana karɓa a bincika, wani lokaci ba a mayarwa. Ta ciro zakira, wato ɗan katin nan mai kamar farce wanda hotuna ke zama a ciki, ta ɗinke shi a bakin tob ɗinta, mayafin nan da mata ke naɗawa. Hanyar da mota ke yi a sa'a huɗu, kwana uku suka yi a kanta. Gida, gado, tukwane, akwatin uwarta, duk suna can. Abin da ya iso Gadarif hotuna arba'in da uku ne.

A watan Yuni mai biyowa ta ce mini, "Baba, mu yi wa Inna littafi. Abin nan ƙarami ne, wata rana zai faɗi a ƙasa a share shi." Akwai wani Elfatih da ya gudo daga Khartoum da injin ɗab'insa a bayan mota, yana buga littafin hotuna ya ɗinke, Tukur ke shirya masa shafuka. Na sa zakirar a kwalin ashana na kai wa Tukur da hannuna. Na ce masa hoto ɗaya a kowane shafi, ya bar gefe da faɗi kada wuƙar yanka ta ci wani abu, kuma ba na son furanni. Ban ce kada ya taɓa fuskarta ba. Na ɗauka gardamar shekara arba'in ta isa. Wannan laifina ne, na kuma rubuta shi a nan don kada a ce na ɓoye.

Kwana tara bayan haka ya aiko in zo. Shagon cike yake da mutanen Khartoum da Jazira masu neman hoton fasfo, kowa na fifita da takarda. Ya ta da wani daga kujera.

"Ku ba Ustaz wuri. Zauna, ya Ustaz, zauna ka ga aiki. Wallahi ko amarya ban taɓa yi wa irinsa ba."

Ya juyo mini da allon. Wata mata ce zaune kan tabarmar Haliima, sanye da tob ɗin Haliima mai ruwan toka, da farantin wake a cinyarta. Fara ce. Kuncinta sumul. Ya danna, wata ta fito, ita ce dai. Ya sake dannawa.

"Wacece wannan?" na ce.

"Kai dai, Ustaz."

"Tambayarka nake. Wacece ta sa kayan matata?"

"Hajiya ce mana. Ka san ba na'ura na sakar mata ba? Da hannu na bi. Layi goma sha uku a kowane hoto, ɗaya bayan ɗaya. Duk sa'ar da aka kawo wuta, in sallami mutane in zauna mata. Dubi wuyana, ya ƙage."

"Allah ya ƙara ƙage shi."

Wata mata ta ja ɗanta jikinta.

"Sau nawa ta maido maka da hoto?" na ce. "Ba kai ta ce wa ka gaishe da baiwar Allah ba?"

"Ai wasa take yi. Hajiya da barkwanci."

"Wasa! Mace ta yi shekara ashirin da biyar ba ta taka shagonka ba, kana ce mini wasa? Kai makiyayi ne, ya zol. In aka kankare shaidar da ke jikin saniyar ubanka, aka shafa mata farar ƙasa aka maido, godiya za ka yi?"

"Ma'alesh, yi haƙuri. In ba ka so, shi ke nan."

"Ba na so. Buɗe na asali."

Hannunsa ya tsaya a kan tebur. A nan na san akwai abin da ya fi wanda na gani muni. Ya ce cikin kwamfutarsa ya cika da hotunan fasfo, tun da aka fara gudun hijira ba shi da wurin ajiye ko ɗaya. Don haka a kan zakirar kanta ya yi aikin, duk wanda ya gama sai ya adana shi a kan na da, kamar yadda yake yi wa kowa. Ba wanda ya taɓa dawowa neman na asali, in ji shi. Shekara goma sha takwas, ba ko mutum ɗaya.

"Duka?"

"Duka, ya Ustaz."

"Arba'in da uku."

Abin da masu bindiga a shinge goma sha ɗaya ba su gano ba, abokina ya gama da shi a kan kujera, yana shan shayi, yana ganin alheri yake yi. Na faɗa masa haka a gaban jama'a, da ma abin da ya fi haka, wanda ba zan rubuta ba.

Sai ya kama hannun rigata. "Tsaya. Zan mayar. Yadda na cire da hannu, haka zan zana da hannu, ba wanda zai gane. Launin ma zan sauke shi. Ka faɗa mini kawai, bakwai ɗin a wane kunci suke? Dama ko hagu?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, ban sami komai ba.

Ni da nake iya lissafo tashoshin jirgin ƙasa daga Sinnar zuwa Kasala a jere. Ni da na san ranar da aka ɗaura mana aure da kalar bargon da aka shimfiɗa. Na rufe ido na kira fuskarta, sai matar nan mai sumul ɗin kunci ta zo ta zauna a wurin. Dama? Na ga kamar dama. Amma damarta ko damata, in tana fuskantata? Shekara arba'in da tara ina kallon kuncin nan a kan kwanon tuwo ɗaya, ban taɓa ƙirgawa ba, domin ban san za a tambaye ni ba.

"Ƙarya ɗaya ba ta ishe ka ba, sai ka ɗora mata ta biyu?" na ce. "Ba ni abina."

Na mayar da zakirar cikin kwalin ashana na fita.

Lauratu ta sa ta a talafon ta duba uku ko huɗu. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da na sani, Baba, da na bar shi a Madani." Ta tashi ta ɗora tukunya. Daga baya ta tambayi dangi ta talafon, aka turo mata biyu waɗanda suka bi hannu goma, an tura an sake turawa har fuskar ta dame kamar kunu. Ni ban tambaye ta wane kunci ba. Ta yaya uba zai tambayi 'yarsa wannan?

Damina ta sauka, baƙar ƙasar Gadarif ta zama taɓo mai cire takalmi. Na sauya hanyar masallacin Juma'a don kada in bi ta bayan kasuwar hatsi, na riƙa zagayen da ya ƙara mini minti goma sha biyu. Sau biyu ya zo ƙofar gida ya yi sallama, na ce a ce ina hutawa. Bai ƙara zuwa ba, wannan ma ya ba ni haushi. Fushina bai tsaya kansa ba. Na yi fushi da tsofaffin da suka fara raɗa masa a kunne, da waɗanda suka sa su raɗar, da matasan da ke shafe fuskarsu a talafon kafin su tura wa uwar da ta haife su. Na yi fushi da Elfatih, wanda ko ganinsa ban taɓa yi ba. Kowace safiya bayan salla nakan zauna in gwada: dama, hagu. Wata rana in tabbatar, washegari in rushe.

Da ruwa ya ɗauke aka shiga yankan riɗi, na ji ana cewa shagon Tukur yakan yi kwana uku ko huɗu a rufe, a daidai lokacin da layi ya fi tsawo. Na ce Allah ya sa ya rufe ke nan.

A watan Janairu na dawo daga asibitin ido na tarar da wani abu a naɗe cikin takarda a kan gadona. Lauratu ta ce, "Ammu Tukur ne ya kawo. Bai shigo ba." Na ɗaga, na ji nauyin littafi ne. Na tura shi saman kabad. Na san abin da ke ciki, ko na ɗauka na sani: ya zauna ya zana mata tsaga da ka.

Kwana biyu yana can, sai ga Husaini, ƙanen Haliima, ya kawo riɗinsa kasuwa daga Hawata ya biyo mu gaisa. Muna cin abinci ya ce, "Yaya, mutumin da ka aiko mana, ya gama aikin kuwa?"

"Wa na aiko?"

"Mai hoton nan mai furfura. Ya zo mana da kwamfuta a buhun taki. Ya ce duk wanda ya taɓa ɗaukar hoto a biki ko suna da Yaya Haliima ta halarta, ya kawo talafon ɗin. Na ce masa, 'Bawan Allah, ka koma gida mu turo maka mana.' Ya ce a'a, turawa tana cinye hoto, sai dai ya haɗa da wasla ya ɗebo daga talafon ɗin da ya ɗauka."

Wasla ita ce igiyar da ke haɗa talafon da kwamfuta.

"Har tsofaffin talafon da suka mutu aka jefa a akwati ya sa aka tono," in ji Husaini. "Ya zauna ƙarƙashin rakuba, rumfar nan ta kara, yana duba hotunan bikin mutane ɗaya ɗaya, dubbai, yana neman inda ta faɗo a gefe. Mata suna ta yi masa tsiya, wai ko mata yake nema. Daga wurinmu ya hau lori zuwa Ƙala'at an-Nahal. An ce har Basunda ya je, gidan 'yar ƙanwarmu Fatna, inda aka yi suna shekarun baya. A wani shinge sun tsare shi yini guda saboda kwamfutar. Ba kai ka aiko shi ba?"

"Ci abincinka," na ce.

Da ya tafi na sa Lauratu ta sauko da littafin. Bango mai kauri, ruwan toka, ba fure ko ɗaya. Shafi goma sha tara. Hotunan ƙanana ne, wasu ba su fi kwalin ashana ba, kowanne a tsakiyar farin shafi, domin daga gefen hoton wasu ya yanko ta, kuma bai ja ko ɗaya ya wuce girman da zai ɗauka ba tare da ya fashe ba. A wani rabin kafaɗar wata mata ya shigo. A wani tana tauna, bakinta a karkace, abin da Tukur ɗin da na sani ba zai bari ya fita daga shagonsa ba ko da wuƙa a wuya. Baƙa ce a duka, baƙinta na gaske. A cikin bangon baya ya cusa gwaji biyar na shafi ɗaya, daga mai duhu zuwa mai haske, ya yi alama da fensir a kan na biyu. Na biyun ne daidai.

Babu wanda take tsintar wake. Babu na carbi, babu ko ɗaya daga shekararta ta ƙarshe. Waɗannan sun tafi, shi ya tafi da su, kuma ba zan ce na huce ba. Makon jiya na bi ta bayan kasuwar hatsi, na hango shi ta taga yana shafe kuncin wani dattijo a allo, hannunsa ko rawa ba ya yi.

Shafi na goma sha ɗaya ya fi sauran girma. A gonar Husaini aka ɗauka, tana zaune kan buhu, ta juyo tana yi wa mai ɗaukar magana, rana ta bugi fuskar sosai. Na san talafon yakan juya hoto kamar madubi, don haka kafin in dubi fuskar sai da na dubi rubutun da ke jikin buhun. Yana karantuwa daidai, daga dama zuwa hagu. Na sa tabarau, na ɗora ɗan yatsa a kan takardar, na ƙirga a hankali, na sake ƙirgawa.

Lauratu tana tsaye a kaina. "Baba, me kake nema?"

"Ba komai," na ce.

Bakwai ɗin a hagu suke. Na ƙarshen gajere ne, bai kai kunne ba.